Zomon Auta Ya Rame

Domayo unguwa ce a birnin Marwa, a arewacin Kamaru, kusa da rafin Mayo Kaliyawo. A nan gidan su Auta yake. Auta ɗan aji huɗu ne. Yana da wani farin zomo wanda kawunsa ya kawo masa daga Garwa.

Auta yana son zomon nan ƙwarai. In ya ci tuwo sai ya rage masa. In ya sami burodi ko ƙosai sai ya gutsura masa. Amma ba ya ba shi ruwa, don ya ji yara suna cewa wai zomo ba ya shan ruwa.

Bazara ta shigo. Rafin ya ƙafe, sai rairayi. Zomo ya rage cin abinci. Ya daina tsalle-tsalle, kullum yana kwance yana haki. Ran nan Kawu ya zo ziyara, sai Auta ya tarye shi da hawaye.

Ya ce, "Kawu, zomona zai mutu."

Kawu ya ɗauki zomon, ya shafa bayansa. Ya ce, "Kawo hannunka, ɗana. Me ka ji?"

Auta ya ce, "Ƙashi na ji, kamar tsinin wuƙa."

Kawu ya ce, "To, ya rame ke nan. Gashi yana ɓoye ramar zomo. Ido ba ya gani, sai hannu. Me kake ba shi?"

Auta ya faɗa masa. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Ka ba shi abin da kake so, ba ka ba shi abin da cikinsa yake so ba. Zauna ka ji."

"Na farko, haƙora. Zomo yana da haƙora 28, kuma ba su daina tsiro har ya mutu. Na gaba sukan ƙaru da kamar milimita 2 kowane mako. Taunar ciyawa da harawa ita ke goge su. Tuwo ba ya goge haƙori. In haƙoran suka yi tsawo, sai su ji masa ciwo a baki, yawu ya dinga zuba, ya kasa ci." Kawu ya buɗe bakin zomon ya duba. Ya ce, "Alhamdu lillahi, nasa ba su lalace ba tukuna."

"Na biyu, ciki. Hanjin zomo ba ya aiki sosai sai da abinci mai ƙaiƙayi-ƙaiƙayi, irin ingirici da harawar wake da ta gyaɗa. Dubi kashinsa. Ka ga ƙanana ne, kuma kaɗan? Alama ce cikin ya yi sanyin aiki. Kuma zomo ba ya iya amai. Duk abin da ya haɗiye sai ya bi ta hanji. Don haka kada ka ba shi abin da ya ruɓe ko ya yi fumfuna."

"Na uku, zafi da ƙishirwa. Zomo ba ya gumi kamarmu. Ta kunnuwansa yake fitar da zafin jiki. In zafi ya wuce digiri 30 yakan wahala, ya rage ci. A nan Marwa kuwa, a watan Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40. Ga shi ka sa kejinsa ƙarƙashin kwano, ba ruwa!"

Nan da nan suka mai da kejin inuwar dogon-yaro. Suka share shi, suka sa ruwa a kasko. Zomo ya kafa kai ya sha, ya sha. Auta ya ji kunya.

Kawu ya ce, "Harawa da ruwa kada su yanke masa, dare da rana. Da safe da yamma ka ƙara masa ɗanyar ciyawa, ko ganyen dankali, ko na zogale, amma ka bari su ɗan sha iska tukuna. Ka ba shi dusa cikin tafin hannunka. Karas yana da zaƙi, ɗan guntu ya isa. Sabon abinci kuma kaɗan-kaɗan ake fara shi, don kada ya yi zawo."

Suka kai zomon wurin mai shago, suka ɗora shi a sikeli. Nauyinsa kilo 1 da giram 600. Auta ya rubuta a littafinsa. Kowace Asabar yana aunawa. Bayan mako 4 ya kai kilo 1 da giram 900, ya koma tsalle-tsallensa.

Mu riƙe

Zomo mai lafiya yana ci kusan ko da yaushe. In ya yi awa 12 bai ci ba, ko bai yi kashi ba, ko yana zawo, a kai shi wurin likitan dabbobi ran nan. Kada a jira gobe.

Tambayoyi

1. Yaya ake gane zomo ya rame?
2. Don me zomo yake bukatar harawa kullum?
3. Wane kuskure Auta ya yi game da ruwa?
4. Giram nawa zomon ya ƙara cikin mako 4?

Mu koyi Faransanci

zomon gida: le lapin
zomon daji: le lièvre
ingirici: le foin
haƙora: les dents
sikeli: la balance
likitan dabbobi: le vétérinaire

Aiki

Ku zana kejin zomo a inuwa. Ku nuna wurin ruwa da wurin harawa, ku rubuta sunayensu da Hausa da Faransanci.