Yadda ake sayen gida a Dubai don saukar da baƙi 'yan kwana-kwana

Duk ɗan kasuwar da ya saba saro kaya a Deira ya san yadda kuɗin masauki ke cin aljihu a Dubai, musamman lokacin sanyi. Daga nan tunani ke zuwa: me zai hana ni ma in mallaki sashe guda a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan, in riƙa ba masu yawon buɗe ido haya ta kwana uku ko mako guda? Doka ta yarda. Tun 2002 Dubai ta ba 'yan ƙasashen waje damar mallakar gida a wasu keɓaɓɓun unguwanni. Sai dai wanda zai shiga ya sani tun farko cewa ƙaramin otal zai buɗe a garin da ba ya zaune, don haka lissafin mai otal ne ya kama shi.

Mataki na farko: lissafi kafin kallon hoto

A nan nake so ka fi daɗewa, domin a nan aka fi yin asara. Dillali zai faɗa maka abin da gida ke kawowa a dare guda cikin Disamba. Kai kuwa tambayi abin da yake kawowa a Yuli da Agusta, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, baƙi su janye, farashi ya faɗi. Kakar wannan sana'a daga Nuwamba ce zuwa Maris.

Mu ƙaddara gida mai ɗakin kwana ɗaya a kan dirhami miliyan 1. Hukumar filaye ta Dubai za ta karɓi kashi 4 cikin 100 na sauya sunan mai shi, wato 40,000. La'adar dillali kashi 2 ce, 20,000, ban da harajin da ke kanta. Ofishin rajista na karɓar 4,000 da harajinsa. Ga gado da kujeru da labule da kayan kicin, tunda baƙo da akwatinsa kawai zai zo. Kafin ka saukar da mutum ko ɗaya, ka haura miliyan 1 da dubu 100.

Yanzu mu ce ka samu baƙi dare 220 a shekara, kowane dare dirhami 450. Ka tara 99,000. Kamfanin da ke kula maka da gidan ya cire kashi 20, wato 19,800. Kuɗin hidimar bene, wanda ake biya duk shekara gwargwadon faɗin gida, mu ce 14,400. Wuta da ruwa da sanyaya ɗaki da intanet, waɗanda duk a wuyanka suke a irin wannan haya, mu sa 15,000. Abin da ya rage 49,800, bai kai kashi 5 cikin 100 na jarinka ba, kuma ba a taɓa gyaran famfo ko sauya katifa ba. Waɗannan alƙaluma misali ne. Ka cire su ka sa na gidan da kake nema. Sannan ka kwatanta da hayar shekara ga mutum ɗaya. In bambancin kaɗan ne, ni dai ina ganin hayar shekara ta fi kwanciyar hankali ga wanda ke nesa.

Mataki na biyu: unguwa da bene

Mai yawon buɗe ido bakin teku yake so, ko kusa da tashar jirgin ƙasa na cikin gari, ko inda zai hango Burj Khalifa. Shi ya sa Dubai Marina da Downtown da Palm Jumeirah ke da tsada. Jumeirah Village Circle ta fi sauƙin kuɗi, amma tana nesa da ruwa kuma gidajen haya sun yi mata yawa. Ka je da ƙafarka, ka kwana a benen, ka ga yadda lifta ke aiki da yamma. Ka tambayi masu kula da benen ko suna barin hayar kwana-kwana, su ba ka amsa a rubuce.

Mataki na uku: ginanne ko wanda ke kan takarda

Kamfanoni na tallar gidajen da ba a gama ba, a biya kashi-kashi. Akwai kariya: dokar 2007 ta tilasta a zuba kuɗin masu saye a wani asusu na musamman da aikin kaɗai ake yi da shi. Duk da haka, ga mai son fara haya, wannan cinikin biri a sama ne, don gidan da ba a gama ba ba ya saukar da kowa. Waɗanda suka saya gab da rikicin 2008 sun ga farashi ya faɗi da kusan rabi, wasu ayyukan suka tsaya cak. Ginanne ya fi, wanda za ka iya neman takardun kuɗin da ya shigo masa a bara.

Mataki na huɗu: ciniki

Kada ka yi hulɗa da dillalin da ba shi da lambar rajista ta RERA, hukumar da ke sa ido kan harkar gidaje a Dubai. Manhajar Dubai REST za ta nuna maka sahihancin lambarsa da na takardar mallakar gidan. In an daidaita, ku sa hannu a yarjejeniyar da ake kira Form F, ka ajiye kafin alƙalami, yawanci kashi 10. Mai sayarwa zai karɓo takarda daga kamfanin da ya gina benen mai nuna ba a bin gidan bashi. Daga nan ku haɗu a ofishin rajista, ka miƙa cekin banki, a fitar da takarda da sunanka.

Sunanka nake nufi, ba na aboki ko na yaron shago da ke zaune a can ba, kome amincinku.

Kuɗin kuwa su bi ta banki, da shaidar inda ka same su, domin dillalai na kai rahoton duk tsabar kuɗin da ta kai dirhami 55,000. In rance za ka ci kuma kana gudun kuɗin ruwa, bankunan Musulunci irin su Dubai Islamic Bank suna da tsarin ijara. Ka tuna dirhami a ɗaure yake da dala, 3.67 kowace dala. Wanda ya ɗauki alkawarin biya kashi-kashi da kuɗin da yake samu a naira kafin Yunin 2023 ya ga dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 cikin 2024.

Mataki na biyar: lasisi

Ba a sa gida a Airbnb ko Booking.com sai da izinin sashen tattalin arziki da yawon buɗe ido na Dubai, kuma duk shekara ake sabunta shi. Gida sukutum ake bayarwa, ba a yanka shi ɗaki-ɗaki. Kowane baƙo sai an shigar da shaidarsa a rajistar hukuma, a kuma karɓar mata dirhami 10 ko 15 kan kowane ɗakin kwana a kowane dare, gwargwadon ajin gidan.

Mataki na shida: wa zai riƙe makulli

Baƙo zai iso ƙarfe biyun dare, na'urar sanyi za ta lalace ranar da kake Kano. Dole ka ɗauki kamfani mai lasisi, wanda galibi ke cin kashi 15 zuwa 25. Ka nemi rahoton wata-wata, da damar ganin jadawalin baƙi ta wayarka, da sharaɗin rabuwa cikin wata ɗaya ko biyu. Ka kuma rubuta ƙa'idojin gidanka, kamar hana shagali da tara jama'a. In akwai abin da zuciyarka ba za ta ɗauka a yi a gidanka ba, ka auna shi tun yanzu, don ba kai za ka zaɓi kowane baƙo ba.

Kamfanin nan ya fi muhimmanci ga ɗan Najeriya, don ba kullum zai iya shiga Dubai ba. A Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, ba ta dawo da ita ba sai Yulin 2024. Gidan da ya kai dirhami miliyan 2 yana ba mai shi damar neman iƙama ta shekara 10, amma wanda bai kai haka ba ya shirya wa yiwuwar a rufe ƙofa yana waje.

Mataki na bakwai: magada

Ka sanar da iyalinka. Ka ajiye kwafin takardar mallaka da lambar asusun banki da yarjejeniyar kamfanin a inda za su same su. Idan mai gida ya rasu, banki na rufe asusunsa har kotun Dubai ta tantance magada, kuma za ta nemi takardun gado da aka fassara zuwa Larabci aka tabbatar da su a hukumance. Kafin a gama wannan, kuɗin hidimar bene na ci gaba da taruwa a kan gidan, don haka ka bar musu abin da zai biya na shekara guda.