Sandarewar Gaɓoɓi: Dalilanta da Hanyoyin Kiyayewa

Gaɓa ita ce mahaɗar ƙashi da ƙashi. Tana da guringuntsi, da wani ruwa mai yauƙi da ke sauƙaƙa motsi, sannan jijiyoyi da tsoka da fata sun kewaye ta. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙanƙance ko ya manne, sai gaɓar ta ƙi miƙewa ko lanƙwashewa. Manomi ya kasa riƙe fartanya, tsoho ya kasa tsugunawa, yaro ya kasa kai loma baki.

Abubuwan da Ke Kawo Ta

1. Rashin motsi. Wannan shi ne babban dalili. Gaɓar da ta daɗe cikin filasta ko karan ɗori, ko ta majinyacin da ya jima kwance, tana soma sandarewa cikin 'yan makonni. Tsokar takan rame ta gajarce, zaruruwan naman da ke kewaye da gaɓar su manne da juna.

2. Ƙuna. Tabon wuta yakan tsuke yayin warkewa, ya janye fatar wuya, ko hamata, ko yatsu.

3. Cututtukan jijiya, kamar shanyewar ɓarin jiki, kuturta da shan inna. Tsokar wani gefe takan rinjayi ta ɗaya gefen, gaɓar ta karkace. Ko da yake an tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Nijeriya a 2020, waɗanda ta naƙasa tun da suna bukatar kulawa.

4. Ciwon gaɓar kanta, kamar amosanin gaɓɓai. Masu ciwon sukari kuma sun fi fama da sandarewar kafaɗa.

Abin da Ya Kamata a Yi

A riƙa motsa gaɓoɓin majinyaci a hankali kowace rana. Kada a bar matashi ƙarƙashin gwiwarsa dare da rana, domin ƙafar za ta ƙage a lanƙwashe. Kada a ja gaɓa da ƙarfin tsiya, musamman gwiwar hannu, domin tsoka na iya yagewa. Kada a gasa wurin da ba ya jin zafi, gudun ƙuna. Gaɓar da ta kumbura tare da zazzaɓi a kai ta asibiti nan take.

Da an cire filasta, a nemi ma'aikacin gashin ƙashi ba tare da jinkiri ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.