Dalfi da Dutsen Dala: Darasi ga Malamin Tarihi

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta a Limawa, cikin Minna, na ba 'yan aji shida labarin gumakan mutanen Girka, waɗanda ake kira Helenawa. Ina cikin magana sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, ashe ba shirka muke koyo ba?" Ran nan ban ba shi amsar kirki ba. Na rubuta wannan domin kada irin tambayar ta riski ɗayanku ba shiri.

A ƙasar Girka akwai wani wuri wai shi Dalfi, a jikin dutsen Farnasus. Mutanen dā suka ce Zus, babban gunkinsu, ya saki gaggafa biyu, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma, suka haɗu a nan, saboda haka suka kira wurin cibiyar duniya. Suka gina wa gunkinsu Afolo ɗaki. Wata mace da ake kira Fitiya takan zauna bisa kujera mai ƙafa uku, tana amsa tambayoyin masu zuwa. Kamin ta fara, akan yayyafa wa akuya ruwan sanyi. In ta girgiza, to, ranar ta yi kyau.

Amsoshinta sau da yawa baki biyu gare su. An ce Kurisus, Sarkin Lidiya, ya tambaya ko ya yaƙi Farisa. Aka ce masa in ya yi, zai rushe babbar daula. Ya tafi da murna, Sairus ya ci shi wajen shekara ta 547 kamin haihuwar Almasihu. Ashe daular da ake nufi tasa ce.

To, mu dawo gida. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya da Turanci a 1908, ya ba da labarin Barbushe, wanda ya zauna bisa Dutsen Dala. Shi ne mai kula da Tsumburbura, wadda wurinta wata itaciya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Kwana biyu kaɗai yake saukowa a shekara. Mutane su taru daga ko'ina da baƙin kare, da baƙaƙen kaji, da baƙin bunsuru. Da dare ya shiga, ya fito, ya faɗa musu abin da zai auku cikin shekara. Har ya gaya musu baƙo zai zo ya mallake su, sai ga Bagauda, wanda ake lissafin sarautarsa daga 999.

Ku duba fa: dutse, da yanka, da mutum ɗaya mai shiga ya fito da labarin gobe. Mutanen nan biyu ba su san juna ba, amma tsoronsu ɗaya ne, watau yaƙi, da fari, da ciwo. Ƙarshensu kuma ya yi kama. Wajen shekara ta 391 Sarkin Rum Tiyodosiyus ya hana bautar gumaka, Dalfi ta yi shiru. A Kano kuwa Sarki Tsamiya (1307-1343) ya rushe katangar, a zamanin Yaji (1349-1385) Wangarawa suka zo da Musulunci, aka gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar.

Bambancin yana wajen adanawa. A 1892 Faransawa suka fara haƙa a Dalfi, a 1896 suka tono siffar wani mai tuƙin keken doki da aka ƙera da tagulla, yana nan har yau ana zuwa kallonsa. Mutanen Girka na yanzu mafi yawansu Kirista ne, ba mai yi wa Afolo yanka, amma yaransu sun san labarinsa. Mu kuwa sau da yawa kunya ke sa mu bar namu ya bi tsofaffi kabari.

Ga amsar yaron: sanin labari dabam, bauta dabam. Wanda ya san yadda kakanninsa suka yi lalube cikin duhu, shi ya fi sanin darajar fitila.

Aikin da za ku ba yara:

1. Su faɗi abubuwa uku da Dalfi da Dala suka yi kama.
2. Su tambayi dattawan Gbagyi, waɗanda muke kira Gwarawa, abin da ya haɗa sunan Minna da wuta.
3. Su nemo labarin Dutsen Zuma na kusa da Madalla, wanda aka taɓa sa hotonsa a jikin takardar naira ɗari.

Ku sa su rubuta da sunan garin da suka ji labarin, da ranar. Kowane tsoho ya rasu, da littafi guda ya tafi. Kada mu yi sanyin jiki.