Na'urar lantarki a kan yarona: in yarda ko in ƙi?

Likita, ɗana Abba shekararsa 7. Tun yana goye na lura hannunsa na dama kullum a dunƙule yake, da ya fara tafiya kuma yana jan ƙafar. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka ce jini ne ya toshe masa wajen haihuwa. Muna zuwa gashi, amma sauƙin a hankali yake zuwa. To ƙanen mijina da ke Turai ya ce akwai wata na'ura da ake ɗaura wa yaro a ka, tana sakin lantarki kaɗan, har zai saya a intanet ya aiko. Baban Abba ya amince, ni kuwa gabana faɗuwa yake. Ba za ta taɓa masa ƙwaƙwalwa ba?

Maman Abba, Zariya

Maman Abba, Allah Ya ba Abba lafiya.

Na'urar gaskiya ce, kuma iri biyu ce. Wadda ƙanen mijinki yake nufi ana ce mata tDCS: soso biyu da aka jiƙa da ruwan gishiri ake ɗorawa a fatar kai, a saki lantarki mai rauni ƙwarai na kamar minti 20. Ɗayar, TMS, da maganaɗisu take aiki, Anthony Barker ya fito da ita a Ingila a 1985. Babu tiyata, babu allura, yaro yana zaune ido biyu.

Masu bincike irin su Adam Kirton a Kalgari ta Kanada da Bernadette Gillick a Amurka sun gwada su a kan yara masu lalura irin ta Abba. Abin da aka fi gani ƙaiƙayi ne ko ɗan zafi a inda soson yake, jan fata, wani lokaci ciwon kai da ke wucewa. A Kalgari an bi ɗaruruwan yara ba a samu wanda abin ya tayar wa farfaɗiya ba.

Sai dai yaran nan tace su aka yi kafin a taɓa su. Mai farfaɗiya, ko mai ƙarfe ko wata na'ura da aka dasa a ka, galibi ba a saka shi. Kuma ga abin da mai sayarwa ba zai faɗa miki ba. Hannun dama ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa shi, amma idan rauni ya samu jariri da wuri, wani lokaci ɓangaren da ke lafiya shi ke karɓar aikin hannun mai rauni. A gwaje-gwaje da yawa ɓangaren mai lafiyar ake ɗan kwantar wa, don mai raunin ya samu sarari. Idan Abba na cikin masu wancan tsarin, kin ga za a danne inda hannun ya dogara ke nan. Sai an auna ake sani, kuma ba a tsakar gida ake aunawa ba.

Batun amfani kuwa, a wani babban gwaji a Kanada an ba yara horon hannu mai tsanani, wasu da tDCS ta gaske, wasu da ta gangan. Duka sun samu ci gaba, lantarkin bai ƙara musu komai a kai ba.

Don haka ki roƙi ƙanen mijinki ya riƙe kuɗinsa, ko ya taimaka da kuɗin motar zuwa gashi. Ki tambayi masu gashin game da horon da ake saka wa hannu mai lafiya safa ko ɗauri na wasu awanni, don dole yaro ya motsa ɗayan. A gida ki ba shi abin da sai da hannu biyu yake yiwuwa: ɓare gyaɗa, riƙe kwano yana damun fura, saka maɓallin riga. Zai yi fushi, zai zubar, ki daure kada ki karɓe masa. Idan kuma kin taɓa ganin ya ƙame, ko ya yi zuru yana kallon wuri ɗaya ba ya amsa kira, ki gaya wa likitan yara a zuwanku na gaba, domin farfaɗiya takan biyo irin wannan rauni.