Darasi Na 17: Tukunyar Gas A Wurin Su

Kowace shekara, in ruwan kogin Haɗeja ya fara janyewa daga fadama, masunta su kan tafi su. Waɗansu su kan kafa bukka a bakin ruwa, su yi mako biyu ko uku ba su koma gida ba. A dā, in za a dafa abinci, sai a shiga daji a saro gabaruwa. Yanzu kuwa dajin Baturiya gandu ne. A 2008 aka sa shi cikin fadamun da ƙasashen duniya su ka yarda a kiyaye, gama tsuntsaye su kan zo nan tun daga Turai da hunturu. Wanda ya sari icce a ciki ya jawo wa kansa magana. Saboda haka waɗansu su kan tafi da ƙaramar tukunyar gas, mai kilo 3 ko mai kilo 6.

To, in kun kai ta Haɗeja a cika muku, lalle a auna ta a gabanku. A jikin tukunya an rubuta nauyinta sa'ad da ba kome ciki. Ga amfanin karatu ya zo. Ku duba lambar da kanku, ku haɗa ta da kilon gas ɗin da ku ka biya. Abin da sikeli zai nuna ke nan.

Kada ku roƙi mai sayarwa ya yi muku gyara. Gyara a mudun gero alheri ne, amma ban da nan. Gas a cikin tukunya ruwa ne, in ya sha zafi sai ya kumbura. Shi ya sa a ke barin wajen kashi ɗaya cikin biyar na tukunyar ba kome. Da bazara zafin ƙasarmu ya kan wuce digiri 40. In an cika ta fal, rana kuma ta doke ta, ina gas zai sami wurin miƙewa?

A hanya, ko a amalanke ko a babur, ku ɗaure ta a tsaye. Kada a kwantar da ita, kada a bar ta a rana.

Yanzu ku kasa kunne, ga babbar magana. Gas ya fi iska nauyi. In ya tsiyaye, ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa ya ke bi, ya taru a kwari yadda ruwa ya ke yi. Gindin kwalekwale kwari ne. Bukkar da aka rufe ma tana riƙe shi. Ido ba ya ganinsa, sai dai hanci, domin da gangan aka sa masa warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai.

Na taɓa kwana wurin waɗansu masunta. Da asuba wani yaro ya ɗauki ashana zai shiga bukka ya dafa shayi. Sai wani tsoho ya riƙe hannunsa, ya ce, "Tsaya, ɗana. Ba ka ji wari ba?" Aka fito da tukunyar fili, aka buɗe bukkar ta sha iska. Da aka duba, ashe 'yar robar da ke tsakanin tukunya da kan murhun ce ta tsage. Abin da kuɗinsa bai kai na sabulu ba! Tun ran nan na ke ce wa mutane su riƙa tafiya da guda biyu.

Ga yadda a ke gwadawa. Ku kaɗa sabulu cikin ruwa, ku shafa kumfar a mahaɗin. In ta yi ta hurowa, gas na fita, sai a gyara tukuna. Kada a gwada da ashana ko kaɗan.

Ku yi girki a waje, a ƙasa mai tauri, nesa da zana da busasshiyar ciyawa, nesa kuma da wutar bandar kifi. Ku ƙyasta ashana tukuna, kāna ku buɗe gas a hankali. Kome sanyin hunturu, kada ku kunna ta cikin bukka a rufe don jin ɗumi. Wutar ta kan cinye iskar ɗaki, ta bar wata mai guba wadda ba ta da wari, mutum ya yi barci ya kāsa tashi.

Aiki: An rubuta kilo 8 a jikin wata tukunya. Mai ita ya sayi gas kilo 6. Bayan kwana goma a bakin ruwa ya auna, ya sami kilo 10. Gas kilo nawa ya rage masa? Ku rubuta amsa a allunanku.