Sha'awar 'Yan Kallo ga Tsohon Wasan Kwaikwayo a Dandamali

Ɗalibai da yawa sun san rubutaccen wasan kwaikwayo a takarda kawai. Suna karanta shi domin jarrabawa, su fito da jigo da zubi da tsari da salo, sannan su rufe littafin. Alhali marubucin ya tsara wasan ne domin a aiwatar da shi a gaban jama'a. A wannan darasi za a duba abin da ke jawo 'yan kallo idan aka sake ɗora tsohon wasa a kan dandamali, kuma za a yi misali da Uwar Gulma na Mohammed Sada, wanda aka buga a 1968.

Da farko, ya kamata malami ya lura cewa akasarin masu zuwa kallon irin wannan wasa sun riga sun san labarin. Wanda ya karanta Uwar Gulma a sakandare ya san irin wulaƙancin da Hayatu ya yi wa matarsa Halima, ya kuma san inda auren ya ƙare. Ke nan abin da yake jira shi ne ya ga yadda za a fito da Hayatu: tafiyarsa da muryarsa da yadda yake shigowa gida. Idan ɗan wasa ya dace da siffar da mai kallo ya daɗe yana riƙe da ita a zuci, sai a ji wuri ya ɗauki shewa. Idan kuwa ya saɓa, nan take za a fara gunaguni. Wannan ma alamar sha'awa ce, domin mutum ba ya jayayya a kan abin da bai dame shi ba.

Matasan da ba su karanta littafin ba kuwa, jigon ne ke riƙe su. Cin zarafin mata a gidan aure bai zama tarihi ba, haka ma yaudarar 'yan mata 'yan makaranta da masu kuɗi ke yi, wadda Umaru Ɗanjuma Katsina ya nuna a Kulɓa Na Ɓarna a 1979. Da wuya a rasa wanda ya san wata Halima a unguwarsu.

Sai dai akwai matsala. Tun daga 1990 da aka fitar da Turmin Danya a Kano, finafinan Hausa suka saba wa jama'a da saurin sauya fage da kiɗa da waƙa, yanzu kuma ga wayar hannu. Tsofaffin wasanni suna da dogayen jawabai, wasunsu ma, kamar na Shu'aibu Maƙarfi, a rediyo suka fara, inda kunne kaɗai ke aiki. A nan ne masu shiryawa kan yi kuskure, su cusa raye-raye da Ingausa don su burge matasa, har wasan ya tashi daga na marubucinsa. Abin da ya fi dacewa shi ne a taƙaita jawabin da ya yi tsawo, a rage jinkiri tsakanin fitowa da fitowa, amma a bar karin magana da habaici da zambo yadda suke, domin su ne ke sa dattijo da yaro dariya a lokaci guda. Tufafi da kayan ɗaki ma a bar su na zamanin wasan. Ganin tasoshi da fitilar kwano darasi ne ga wanda bai taɓa ganinsu ba.

Malamin da zai shirya wasa a Makon Hausa na makarantarsa ya tanadi wanda zai zauna cikin 'yan kallo, yana rubuta inda aka yi dariya, da inda aka yi tsit, da inda aka fara ficewa. Da wannan bayani za a gyara shiri na gaba.

Aiki: Zaɓi fitowa ɗaya daga Uwar Gulma, ka nuna jawabin da za ka taƙaita da wanda ba za ka taɓa ba, tare da kawo dalilanka.