Iyakar Amurka Kafin a Ƙetare Teku

Duk baƙon da zai shiga Amurka sai ya tsaya gaban jami'in shige da fice. Bizar da ke cikin fasfo tana kai mutum bakin ƙofa ne kawai. Jami'in da ke ƙofar shi ke cewa a shiga ko a koma, shi ne kuma ke yanke tsawon zaman da baƙo zai yi. Yawancin matafiya suna haɗuwa da shi bayan jirgi ya sauka. Wanda ya tashi daga Legas kai tsaye zuwa Atlanta, a Atlanta za a tantance shi.

Amma akwai wasu filayen jirgin sama kaɗan inda abin ya sha bamban. A can, Amurka ta ajiye jami'anta na kwastam da shige da fice a cikin ƙasar wasu, bisa yarjejeniya. Suna duba fasfo, su yi tambayoyi, su binciki kaya tun fasinja bai hau jirgi ba. Wanda suka sallama ya gama da iyaka ke nan. Idan jirginsa ya sauka a Amurka, zai fita kamar wanda ya taso daga wani gari na cikin ƙasar.

An fara wannan tsari a Toronto ta ƙasar Kanada a 1952, kuma har yau Kanada ce ta fi yawan irin waɗannan filaye: akwai Montreal, Vancouver, Ottawa, Calgary da wasunsu. Akwai kuma Bermuda da Aruba da Nassau ta Bahamas. A duk nahiyar Turai ƙasa ɗaya ce ke da shi, wato Ailan, a filayen Dublin da Shannon. A Gabas ta Tsakiya kuwa sai Abu Dhabi ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda aka buɗe a 2014. Waɗannan uku na ƙarshe su suka fi shafar mai tasowa daga Afirka ko Turai zai ƙetare Tekun Atlantika.

Shannon ƙaramin fili ne a yammacin Ailan, amma yana da tarihi. A da, jirage ba sa iya ƙetare tekun ba tare da sun sha mai a bakin gaɓa ba, to a Shannon suke tsayawa. Can aka buɗe kantin farko a duniya na sayar wa matafiya kaya ba haraji, a 1947. Jami'an shige da ficen Amurka sun fara duba fasinjoji a can a 1986, aka cika tsarin da binciken kwastam a 2009. Dublin ta biyo baya a 2011. Alhazai ma sun san makamancin wannan: Saudiyya tana tantance maniyyatan wasu ƙasashe, kamar Malesiya da Indonesiya da Pakistan da Maroko, tun a filayen jirgin ƙasashensu kafin su tashi.

Amfanin tsarin a fili yake. Wanda ya sauka a babban fili kamar na New York ko Chicago ba tare da an tantance shi ba, zai bi dogon layi bayan ya kwashe sa'o'i a sama, ga gajiya ga barci. Idan zai canja jirgi zuwa wani gari, yawanci sai ya ɗauki akwatinsa, ya wuce kwastam, ya sake miƙa shi, a sake bincikensa. Wanda aka tantance a Dublin ya huta da duk wannan. Akwatinsa zai bi shi har garin ƙarshe, in dai tikitinsa ɗaya ne.

Sai dai wahalar ba ɓacewa ta yi ba, wuri ta canja. Layin da za a bi a New York, shi za a bi a Dublin, kuma a Dublin akwai jirgin da ba ya jiran kowa. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe.

Yadda abin ke gudana a Dublin

A ce wata dattijuwa ce za ta je Bronx ta birnin New York, unguwar da Hausawan Gana da Nijar da Najeriya suke da yawa, don ganin 'yarta da ta haihu. An saya mata tikiti mai yada zango a Dublin. Da jirginta ya sauka, za ta bi allon masu canjin jirgi, a duba takardunta. Daga nan ta nemi allon da aka rubuta US Preclearance, a gini na biyu na filin. Yana da kyau ta riƙe wannan rubutu a takarda, ta nuna wa kowane ma'aikaci in ta rikice.

Da farko za a sake binciken jikinta da jakar hannunta bisa ƙa'idar Amurka, ko da an bincike ta a filin da ta baro. Sai layin jami'ai. Idan ta iso gaba, jami'i zai karɓi fasfo da takardar shiga jirgi, ya ɗauki hotonta, ya ce ta ɗora yatsu a kan na'ura. Yana iya nuna mata hoton akwatinta a allon kwamfuta ya tambaya ko nata ne. Tambayoyinsa ba su da yawa, kuma kusan kullum iri ɗaya ne: me za ki je yi, wajen wa za ki sauka, kwana nawa za ki yi, kina ɗauke da abinci, nawa ne kuɗin da ke hannunki.

Amsa gajera kuma ta gaskiya ta fi. Ta ce wajen 'yarta za ta, ta nuna adireshi da lambar waya a rubuce, ta nuna tikitin dawowa. Kada adireshin ya zama yana cikin waya kaɗai, don caji na ƙarewa. Wadda ba ta jin Turanci ta faɗa tun farko, ta nemi a samo mai fassara. Gyaɗa kai ga tambayar da ba a gane ba ya fi rashin amsa haɗari.

Wani lokaci jami'i yakan tura fasinja wani ɗaki don ƙarin bincike. Wannan ba ya nufin an hana shi. Amma zaman ɗakin yana iya cin rabin sa'a, yana iya wuce sa'a guda, kuma babu mai tsayar da jirgi saboda shi.

Kilishi da kuɗi

Mutanenmu ba sa zuwa hannu rabbana, balle ganin jego. Za a ɗaure kilishi da dambun nama, a haɗa da yaji da daddawa da kuka. To, Amurka tana da tsanani a kan nama da ɗanyun 'ya'yan itatuwa da tsirrai da iri, saboda tsoron cututtukan dabbobi da ƙwarin amfanin gona. Kilishi komai bushewarsa nama ne, ba zai wuce ba. Lemo ko tuffa da aka ba fasinja a jirgin farko ya jefa a jaka, su ma ana ƙwacewa. Dokar ita ce a faɗi duk abincin da ake ɗauke da shi, jami'i ya zaɓi abin da zai wuce. Wanda ya faɗa aka ƙwace, kayansa kawai ya rasa. Wanda ya ɓoye aka gano, zai iya biyan tarar ɗaruruwan daloli, kuma abin zai zauna a bayanansa. A ganina, asarar ƙullin kilishi ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Gara ma a bar shi gida.

Kuɗi kuwa ba a hana ɗauka ba, komai yawansu. Amma idan sun haura dala 10,000, ko kwatankwacinsu a wasu kuɗaɗe, wajibi ne a bayyana a cike takarda. Iyalin da ke tafiya tare ana haɗa kuɗinsu ne a lissafa, raba su aljihu aljihu ba dabara ba ce. Magani kuma a bar shi cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita.

Tun wajen sayen tikiti

Rabin matsalar a nan ake kauce mata. Abu na farko, tazara tsakanin saukar jirgin farko da tashin na biyu. Mai sayar da tikiti zai iya nuna maka mai tazarar sa'a ɗaya da rabi, ya ce kamfani ya amince. Kamfani ya amince, amma lissafinsa na wanda ya san filin ne, mai sauri, wanda jirginsa bai makara ba. Yawancin jiragen Amurka suna barin Dublin daga safe zuwa azahar, don haka layi ya fi tsawo da hantsi, musamman a watannin Yuni zuwa Agusta lokacin hutun Turawa. Ga baƙo ko dattijo ko mai yara, sa'a uku ba ta yi yawa ba. A tuna kuma ana rufe ƙofar jirgi kafin lokacin tashin da aka rubuta.

Na biyu, tikitin ya zama guda ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, kamfani ne zai nema maka wani. Masu neman araha sukan sayi tikiti biyu daban daban. Idan aka yi haka, yawanci sai ka fita ka ɗauki akwatinka ka sake miƙawa, wato sai ka shiga ƙasar, kuma in jirgi ya tafi ya bar ka, asarar taka ce kai kaɗai.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa. Ailan ba ta cikin ƙasashen Turai masu biza ɗaya da ake kira Shengen, kuma ba Birtaniya ba ce. Tana da dokarta. Masu fasfon Najeriya da na Gana suna cikin waɗanda take buƙatar su mallaki bizar wucewa, ko da ba za su fita daga filin jirgi ba. A tambayi ofishin jakadancin Ailan da kamfanin jirgi kafin a biya kuɗi, don wanda ba shi da takardar da ake nema tun a filin farko za a hana shi hawa. Haka dokokin bizar Amurka kansu suna canzawa, a tabbatar da su daf da tafiya.

Mai ciwon ƙafa ko tsoho ya nemi keken guragu ta hannun kamfanin jirgi, aƙalla sa'a 48 kafin tafiya. A filayen Turai kyauta ne, kuma mai tura keken ya san hanya.

Idan an isa filin zango, a fara gamawa da tantancewa kafin a zauna shan shayi ko a shiga kantuna. Wanda ya wuce jami'ai ba ya komawa baya yadda ya ga dama, kuma wurin jiran da ke ciki bai kai na waje kantuna ba. Wanda jami'i ya hana kuwa ba zai hau jirgi ba. Yana nan a ƙasar Ailan, hukumominta ne za su duba yadda zai koma.

Wuraren tantancewar suna da lokutan aiki, don haka a tambayi kamfani ko jirgin da aka zaɓa yana cikin tsarin, kada a ɗauka kawai.

Lissafin agogo

Kowane lokaci da ke kan tikiti, agogon garin da aka ambata ne. Abu Dhabi tana gaban Najeriya da Nijar da sa'a uku. Dublin tana daidai da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni tana bayanmu da sa'a ɗaya. New York kuwa yawancin shekara tana bayan Dublin da sa'a biyar. Misali, jirgin da ya bar Dublin ƙarfe 11:00 na safe ya yi sa'a bakwai da rabi a sama, zai sauka ƙarfe 6:30 na yamma a agogon Dublin, wato 1:30 na rana a New York. Wannan na biyun za a faɗa wa mai zuwa tarba, a kuma ce ya zo da wuri, don wanda aka riga aka tantance ba ya daɗewa a ciki.

Ga lissafi a gwada. Jirgin dattijuwar nan ya kamata ya sauka Dublin ƙarfe 8:40 na safe, amma ya makara da minti 35. Na New York zai tashi 11:00, a ce kuma ana rufe ƙofarsa minti 20 kafin nan. Minti nawa suka rage mata ta sauka, ta nemo hanya, a bincike ta, ta ga jami'i? A rubuta amsar, sannan kowa ya faɗi ko shi zai sayi wannan tikiti.